Ranar da Waziri Gwadabe Ya Shiga Kwaɓi

A zamanin da, tun ana rufe ƙofar gari da faɗuwar rana, an yi wani sarki mai suna Tunau, wanda ya gaji babban birni da tsohuwar ganuwa. Ganuwar nan ta sha damina har ta gaji, ta wani gefen ma ɗan akuya kan tsallake ta ba tare da ya ja da baya ba. Da aka gama sussuka, Sarki ya sa aka yi shela, ya ce a fito gayya a ta da ita sabuwa kafin ruwa ya dawo.

To, birnin nan sarakunan gini biyu gare shi, haka uban Sarki ya naɗa su. Akwai Barmo, Sarkin Ginin Gabas, dogo mai tsadar magana, wanda in ka gaishe shi sai ya amsa maka da gira. Akwai kuma Cindo, Sarkin Ginin Yamma, gajere mai tumbi, wanda in yana raɗa a ƙofar gidansa masu tallar nono a kasuwa sukan ji. Kowannensu gwani ne, wannan babu mai musu. Sarki ya ce su tashi daga Ƙofar Arewa, Barmo ya zaga ta gabas, Cindo ya zaga ta yamma, su haɗu a kudu, gindin wata tsohuwar tsamiya. Ya faɗi inda za a haɗu, amma bai faɗi wanda zai haɗa ba, kuma daga nan tsiyar ta taso.

Maginan ƙasar nan suna da wata al'ada da ba sa wasa da ita. Duk wanda ya kawo ginin ƙarshe ya manna shi a jikin bangon wani, sai a ce ya jingina. Wanda ya jingina yaro ne, wanda aka jingina wa shi ne ubangida, kuma maganar ba ta mutuwa da su, har jikoki sai an yi musu gori. Saboda haka da bangon gabas da na yamma suka iso gindin tsamiya, sai kowa ya gyara bakin nasa, ya shafe shi sumul, ya wanke hannu ya koma gida. Aka bar giɓi a tsakani, daidai wucewar jaki da kayansa.

Jama'a, ku zo ku ga shagali! Masu itace suka mai da giɓin hanya, awaki suka mai da shi dandali, wata tsohuwa har ta kafa kaskon ƙosai a wurin. Da kura ta shigo ta nan ta ɗauke ragon Limamin gari, sai dariya ta fara ragewa. Fada kuwa ta rabu biyu, Galadima da mutanensa suna bayan Barmo, Madaki da nasa suna bayan Cindo. Makaɗa suka sami abin yi, da safe a yi wa wannan zambo, da yamma a yi wa wancan. Ga gajimare ya fara leƙowa daga gabas, kowa kuwa ya sani in ruwa ya sami bakin bangon a buɗe, zai yi ta cinsa har aikin rani guda ya zube.

Ran nan Sarki ya kira Wazirinsa, Gwadabe. Shi Waziri Gwadabe dattijo ne mai fara'a, mai son fura da hira, ubansa baƙo ne da ya zo fatauci ya zauna, don haka ba shi da dangi a cikin magina. Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, kai ba surukin kowa ba ne a cikinsu, ban kuma ji an kira sunanka a zambo ba. Ka shiga tsakaninsu. Ranar da wata ya tsaya, ko ka zo mini da labarin an rufe ganuwa, ko ka zo mini da sunan wanda za a warware wa rawani. Wanda ya saura shi zai rufe."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji." Amma ya san abin da warware rawani yake nufi. Mutum ya fita fada kansa ba komai, yara su bi shi da ihu, maginan da ke ƙarƙashinsa su watse, unguwa guda ta rasa tuwo. Kuma da bakinsa ne za a yi.

Bai je gidan kowa ba, don ya san duk wanda ya fara zuwa wurinsa, ɗayan zai ce an gama da shi. Sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a cikin giɓin, inda ba gabas ba yamma. Ya zo da goronsa da butar ruwansa. Matar Barmo ta aiko da fura mai nono da zuma, ya mayar. Matar Cindo ta aiko da dambun nama, ya mayar, yana haɗiyar yawu. Tsohuwa mai ƙosai ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutum yana kallon ƙwarya da irin wannan baƙin ciki ba.

Cindo ya fara zuwa, don shi ba ya iya jira. Tun bai zauna ba ya fara. "Ranka ya daɗe, ni zan jingina wa Barmo? Ni? Wallahi gara in koma saƙar tabarma!" Waziri ya bar shi ya yi ta zuba, bai katse shi ba, bai ce ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba, sai dai "to" da "ina jinka". Da tururin ya fita, ya ce, "Sarkin Gini, wannan duk na ji shi a bakin makaɗa. Abin da ban ji ba shi ne, yaushe abin ya fara yi maka ciwo?"

Cindo ya rage murya, wato ya mai da ita irin ta sauran mutane, ya ce, "Sai ka yi mini alkawari ba za ta fita ba." Waziri ya yi. Cindo ya ce, "Muna tsakiyar aiki ya biyo ta gefen bangona. A gaban yarana ya sa sandarsa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya kaɗa kai, ya wuce. Ko sannu bai ce ba. Ranka ya daɗe, na kwana ina juyi. Da wani ne ya yi, ko a jikina, amma Barmo ya san gini. Duk ƙasar nan babu wanda nake so ya ce mini sannu da aiki kamar shi."

Yana faɗin haka idonsa ya kai kan murhun mai ƙosai, wanda ta ɗora shi a karkace. Ya tashi ya je ya gyara mata duwatsun, yana faɗa, sannan ya tafi.

Barmo sai da aka aika masa sau da yawa kafin ya zo. Ya zauna kamar an dasa shi. Waziri ya yi masa tambaya, ya ce "uhm". Ya sake wata, ya ce "haka ne". Sai Waziri ya ɓare goro ya yi shiru shi ma, ya ce a ransa, bari mu ga wanda zai gaji. Suka zauna har inuwar tsamiya ta juya. Ai kuwa Barmo ne ya gaji.

Ya ce, "Makaɗinsa ya ce bangona da hawainiya aka yi tseren gina shi. A gaban 'ya'yana."

Waziri ya ce, "Wannan da ciwo. To, kai kuma, akwai abin da ka taɓa yi wa nasa bangon?"

Barmo ya dube shi da gefen ido. Shi ma ya nemi alkawari, aka yi masa. Ya ce, "Na ƙwanƙwasa shi. Ya amsa mini kamar sabuwar tukunya. Shekara da shekaru ina neman kwaɓin da zai yi wannan amo ban samu ba, ga shi wannan mai surutun ya samu. Haushi ya sa na kaɗa kai. In ka faɗa masa, Waziri, na bar garin nan." Da zai tashi, sai ya hangi wani tubali da ya gangaro ya kwanta a gicciye. Ya sunkuya ya tsayar da shi a kan gindinsa, ya tafi.

Kai, Waziri ya shiga uku! Ga magani a bakinsa, ga alkawari ya ɗaure masa harshe ta gefe biyu. Abin da ya fi damunsa, kafin ya saurare su sunaye ne kawai a wurinsa, yanzu kuwa ya ji yana son su duka biyun, da mai surutun da mai gum ɗin. Ya gwada haɗa su a tabarma ɗaya, suka zauna kowa ya ba wa ɗan'uwansa ƙeya. Ya ce to kowa ya gina rabin giɓin, suka ce ai dole wani ya aza tubalin ƙarshe. Ya ce to su kama tubalin ƙarshen tare su aza. Cindo ya ce, "Hannun wa zai kasance a sama?" Barmo ya tashi ya kaɗe rigarsa. Galadima ya aiko a raɗa wa Waziri cewa Cindo ne ya kamata ya sauka, Madaki ya aiko a ce Barmo ne. Waziri ya ce a gaishe su da kyau, bai ƙara komai ba.

Wata ya kusa tsayawa. Waziri yana zaune a giɓi yana kallon murhun da Cindo ya gyara da tubalin da Barmo ya tsayar, sai ya fara murmushi, murmushin ya zama dariya, har mai ƙosai ta matsa da kaskonta.

Washegari da hantsi ya aika wa sarakunan ginin biyu cewa su zo su shaida, an sami wanda zai rufe ganuwa. Suka zo da yaransu, gabas ta tsaya gabas, yamma ta tsaya yamma, mutanen gari suka hau kan tudu. Sai ga Waziri Gwadabe ya fito, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando har gwiwa, ya ɗaure rawaninsa tam.

Ya ce, "Sarakunan Gini, na yi tunani, na ga kowannenku yana da gaskiyarsa, ba zan tilasta wa kowa ba. Ni kuwa ba magini ba ne, ba ni da girman da zai zube in na jingina. Zan jingina muku ku duka biyu. Abu ɗaya nake roƙo, kada wanda ya sa mini hannu."

Ya faɗa cikin ramin kwaɓi, tsulum. Dabara ce, wannan gaskiya ne, amma kada ku ce da gangan ya ɓata aikin. Mutumin nan ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba, iyakar ƙoƙarinsa ya yi. Ya kwaɓa ƙasa ruwa-ruwa kamar kunu, bai zuba mata ciyawa ba. Bai haƙa tushe ba, a kan kashin awaki ya fara. Tubalin ƙasar nan kuwa mai faɗin gindi ne da tsinin kai, ana zaunar da shi a kan gindinsa. Waziri ya ɗauko na farko ya kafa shi da ka, gindi a sama, ya ja da baya ya dube shi, ya ce, "Madalla."

Cindo ya dafe tumbinsa. Barmo ya rufe ido.

Waziri ya ci gaba, yana 'yar waƙarsa. Ya aza wani a kwance, wani a tsaye, inda ya ga rami ya cusa fasasshen kasko. Gini ya fara tashi, yana karkata kamar mai jin barci. Cindo ya kasa daurewa ya yi ihu, "Ranka ya daɗe, ba haka ake aza shi ba! Juya shi!" Waziri ya ce, "Mun yi da ku ba sa hannu." Cindo ya ce, "Ai baki na sa!" Waziri ya juya tubalin, ya mai da shi ya fi da muni. Ya ɗebo kunun lakarsa ya nufi bakin bangon yamma, wannan da aka shafe sumul, zai lafta masa.

Sai aka ji wata murya da ba a saba ji da ƙarfi ba. "Cindo! Kana tsaye kana kallo?"

Rabon Barmo da kiran sunan Cindo tun farkon rani.

Cindo ya ce, "Ina kallo, Barmo, idona har zafi yake."

Barmo ya tako har bakin giɓi. "A jikin wannan bangon za a manna wannan ƙazanta? Bangon da na ƙwanƙwasa ya amsa mini kamar sabuwar tukunya? Wallahi ba a gabana ba!"

Cindo ya buɗe baki. "Kamar tukunya? To, me ya sa ka kaɗa kai?"

Barmo ya ga maganar ta riga ta fita, a gaban gabas da yamma. Ya ce, "Haushi. Ban iya irinsa ba." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Sannu da aiki, Sarkin Gini."

Jama'a, ranar aka ga abin da ba a taɓa gani ba, Cindo ya nemi magana ya rasa. Ƙwalla ta cika masa ido. Da ƙyar ya ce, "Kashin jaki ne. Kashin jaki nake haɗawa da ciyawar, in bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka, dogon banza! Makaɗin nan kuwa da ya kira hawainiya, yau zan karɓe gangarsa. Ni da nake zagayawa in saci kallon yaɓenka!"

Waziri yana cikin laka har ƙugu, farin ciki ya kama shi, ya manta ya jingina da gininsa don ya huta. Gini ya ce bismilla. Ya taho gaba ɗaya, rugum, ya zaunar da Waziri a cikin kwaɓi, ba a ganin komai sai rawani da gemu. Barmo ya kama hannun dama, Cindo ya kama na hagu, suka fizgo shi. Mutanen kan tudu suka yi ta dariya har wasu suka gangaro.

Da aka tabbatar bai karye ba, sai Cindo ya ce, "To, amma fa har yanzu ba zan jingina ba." Barmo ya ce, "Ni ma haka." Waziri ya kame bakinsa, ya zauna yana cire laka daga kunne. Ya ga yanzu fuska da fuska suke maganar, ya san in ya tsoma baki zai ɓata.

Su biyun suka tsuguna, Barmo ya karyo tsinke yana zane a ƙasa, Cindo yana gogewa yana sake wani. Aka yi musu, aka yi "haba kai kuwa", aka yi "tsaya ka gani". Can Cindo ya ce, "Wai ma dole ne a toshe? Mutane sun riga sun saba da hanyar." Barmo ya dubi bangon gabas, ya dubi na yamma, ya ce, "Bakan gizo." Cindo ya buga cinya. Bakan gizo shi ne ginin da ake lanƙwasawa a saman ƙofa. Ana miƙo azara daga wannan bango, ana miƙo wata daga wancan, suna tashi tare, hawa bayan hawa, har su gamu a sama a ɗaure su da igiya ɗaya. In gefe ɗaya ya riga ɗaya, duka su faɗi. A al'adar magina ba a taɓa kiran wannan jingina ba.

Aka kai wa Sarki, ya ce in dai ƙofar za ta rufu da faɗuwar rana, ya yarda. Yaran gabas da na yamma suka shiga ramin kwaɓi ɗaya, makaɗa suka juya zambo ya koma kirari, don su dama inda tuwo yake nan suke. Ranar ɗaurin ƙarshe Barmo ya ja bakin igiya ɗaya, Cindo ya ja ɗaya. Maƙera suka kafa ƙyaure, aka shafe ginin da makuba don kada ruwa ya ci shi.

Wata ya tsaya, fada ta cika. Sarki Tunau ya ce, "Waziri, ganuwa ko suna?" Kafin Waziri ya buɗe baki, sai ga Barmo da Cindo sun taso tare sun faɗi gaban Sarki. Cindo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ganuwa ta rufu. Amma ƙara muka kawo, mu biyu, baki ɗaya." Sarki ya ce, "Ƙarar wa?" Barmo ya ce, "Waziri." Cindo ya karɓa, "A hana shi taɓa laka a garin nan har abada. Ko murhu zai yi, ya aiko mana."

Sarki ya yi dariya har ya sa hannun riga yana share ido. Ya ce a yi shela, daga yau Waziri Gwadabe da kwaɓi sai kallo. Ya tabbatar wa kowannensu rawaninsa, ya ƙara musu da alkyabba, ya kuma ce nan gaba in ya raba aiki zai faɗi har da wanda zai haɗa.

Da fada ta watse, Sarki ya tsayar da Waziri. Ya ce, "Gwadabe, tsakanina da kai. Da ba su shirya ba, sunan wa za ka kawo mini?"

Waziri ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na auna Barmo, na auna Cindo, na kasa. Tun ranar da na saurare su na san bakina ba zai iya kiran ɗayansu ba. Na yanke cewa in abin ya ƙi, wanda aka aika sulhu ya kasa, shi ya cancanci a warware wa. Da nawa zan miƙo maka."

Sarki ya sauko daga kan karaga, ya sa hannu biyu ya gyara wa Waziri naɗin rawaninsa, ya ja shi ya ƙara ɗaure shi tam.

Ya ce, "Wannan kam ba ni da mai warware shi. Tafi gida ka sha fura."